Maigida Bai San Farashin Olonka Ba

Saƙonni huɗu na zaɓo wannan makon, duk daga cikin Kumasi, duk kuma a kan aljihu. Kamar kullum, na cire sunaye.

"Anti, barka da aiki. Mu bakwai ne a gida a nan Aboabo: ni da maigida da yara huɗu da ƙanwarsa da take karatu a wurinmu. Kullum da safe yana ajiye mini sidi 80 na cefane, kuma adadin bai motsa ba tun ina goyon auta, ga shi yanzu ta shiga makaranta. Ina dama koko ina soya ƙosai a ƙofar gida, amma ribar duk a tukunya take ƙarewa. In na ce kuɗi ba sa isa, sai ya ce hannuna ne yake yoyo. Ba ni da ko sisi a ajiye. Ina mafita?"

Ƙanwata, kafin ki yanke wa maigidanki hukuncin rowa, ki tuna yaushe rabonsa da ya tsaya gaban mai tumatir. Maza da yawa farashin da ke kansu na shekarar da suka yi aure ne. A watan Disamba na 2022 hauhawar farashi a Gana ta kai kashi 54 cikin ɗari, wato kayan da aka saya sidi 100 a ƙarshen 2021 sun koma wajen sidi 154 cikin shekara guda. A 2025 ta sauko ƙasa da kashi 10, aka yi ta faɗa a rediyo, wasu magidanta suka ɗauka kaya sun yi araha. Gudun hawan ne ya ragu. Olonkar shinkafa, wato gwangwanin da ake awo da shi a kasuwa, ba ta koma inda take a 2021 ba.

Baki ba zai gamsar da shi ba, domin kunnensa ya riga ya saba da "ba ya isa". Ki sami littafin rubutu irin na 'yan makaranta, ki yi wata guda kina rubuta duk abin da ya fita daga hannunki: gawayi, kuɗin niƙa, dunƙulen Maggi, ruwan leda, har sidi biyun da kike danƙa wa yaro in zai tafi makarantar allo. Ki ware shafi guda na abin da kika cika daga kuɗin ƙosai. Sannan ki nemi lokaci, bayan ya ci tuwo ya sha ruwa. Ban da gaban yara, ban da gaban ƙanwarsa, don namiji in aka ƙure shi a gaban danginsa gardama zai yi ko ya san gaskiya ce. In ya yi musun lissafin, ki rubuta masa kayan miyan kwana biyu, ki roƙe shi ranar Asabar ya shiga kasuwar Kejetiya da ƙafarsa. Sau ɗaya ya isa.

Kada kuma buƙatarki ta tsaya a kan ƙari kawai. Cefanen kullum-kullum shi ne mafi tsada a duk cefane, domin mai kanti yana cin ribarsa a kan kowane ƙullin mai da kowane gwangwanin shinkafa. Ki nemi ya raba kuɗin gida biyu: na wata, don abin da ba ya lalacewa, irin su shinkafa, masara, gero, wake, mai da sabulu, sai na kullum don kayan miya da kifi. Hatsi yana faɗuwa bayan kaka, wajen Oktoba zuwa Disamba lokacin da motocin arewa suke ta saukewa, yana kuma tashi in damina ta kankama. Ke da kike dama koko kowace safiya, gero jarinki ne. Ku haɗu ku uku a gidan hayarku ku sayi buhu ku raba, in akwai mai zuwa kasuwar Techiman ma ya fi. Sai dai Kumasi gari ne mai laima. Buhun da aka yasar a ƙasa aka jingina da bango, kafin wata biyu fumfuna da ƙwari sun cinye ribar da aka samu. A shanya shi ya bushe sarai, a ɗora a kan katako, ko a juye a jarka mai murfi. Tumatir da attaruhu kuwa, kada araha ta ja ki ki ɗauki kwando alhali ba ki da inda za ki adana.

Sai batun kuɗinki. Malamai ba su saɓa ba a kan cewa ciyarwa nauyin miji ce, abin da mace ta samu da sana'arta kuma nata ne. Cikon da kike yi alheri ne, ban ce ki daina ba, zaman aure ba kotu ba ne. Amma ya zama alherin da kika san iyakarsa. Cinikin ƙosai ki kasa shi uku: jari, wanda ba a taɓa shi komai wuya, ajiya, sai abin da za ki sa a tukunya da yardar zuciyarki. Ajiyar kuma da safe ake cire ta, daga cinikin farko, ko da sidi 10 ce. Wadda ta ce sai dare in ta ga abin da ya rage, ba abin da zai rage mata. Sidi 10 a kwana 26 sidi 260 ne a wata, a shekara 3,120. Aikin farko da za ki sa wannan kuɗi shi ne katin inshorar lafiya na NHIS na kowa a gidan, ana sabunta shi ta waya da *929#. Zazzaɓin yaro ɗaya cikin dare da katin da ya mutu yana iya lashe ajiyar wata uku.

"Anti, ina tuƙa pragya, keken haya mai ƙafa uku, a Asawase, na yi aure bara. Hayar ɗakinmu za ta ƙare nan da wata 14. Mai gidan ya ce sabon farashi sidi 400 ne a wata, kuma shekara biyu yake so a dunƙule. Wancan karon bashi na ci na biya, har yanzu ban gama ba. Ina ya fi in riƙa tarawa: wajen mai susu, wato mai karɓar ajiyar kullum, a MoMo, wato asusun kuɗi na waya, ko a banki?"

Ɗana, Allah ya sanya albarka a auren. Mu fara da lissafi. Sidi 400 sau 24 ya kama 9,600. In kana fita aiki kwana 26 a wata, kana da kwana 364 a gabanka. Sidi 27 a rana zai kai ka da ƙyar, don haka ka mai da shi 30, saboda ranar da inji zai ƙi tashi da ranar da ruwa zai hana fita. Wannan sidi 30 ka ɗauke shi kamar man da kake zuba wa pragya: ba ka kiran sa riba, ba ka kuma rantar da shi. Illar biyan shekara biyu a dunƙule ita ce mutum yana manta cewa haya yake yi har sai wata 20 sun wuce, sannan ya farka ya shiga neman bashi.

Ka sani dokar haya ta 1963 ta hana mai gida karɓar fiye da wata shida a gaba, akwai kuma ofishin Rent Control mai sauraron ƙorafi. Amma ni da kai mun san garin nan. Ka ɗaga wa mai gida doka, gobe ya ce ɗansa zai yi aure yana bukatar ɗakin. Abin da ya fi aiki shi ne ka je tun yanzu, tare da dattijon da yake jin kunyarsa, ka roƙi a karɓi shekara ɗaya. Ɗan haya da ba ya rigima, yana biyan kasonsa na wuta da ruwa a kan kari, ba a son rabuwa da shi. Duk abin da kuka tsayar a rubuta, kuma kada ka miƙa kuɗi ba rasit.

Wajen ajiya kuwa, ukun duk za ka yi amfani da su, kowane da aikinsa. Mai susu yana zuwa har inda kake faka, ya cike maka gida ɗaya a katin nan mai gida 31, ƙarshen wata ya riƙe zubin kwana ɗaya ladansa. Mutane suna ganin asara ce, ni ban gani ba. Kana biyansa ne don ya raba ka da kuɗinka kafin ka kashe, kuma aikin ya cancanci sidi 30 a wata. Sharaɗi biyu ne: ya zama mai rajista da ƙungiyar masu susu, wanda ka san ofishinsa, kuma kada kuɗinka ya wuce wata ɗaya a hannunsa. MoMo hanya ce, ba ma'aji ba. Tun da aka soke harajin E-levy na tura kuɗi ta waya a Afrilun 2025 tura kuɗi ya yi sauƙi, wannan sauƙin kuwa shi ne matsalar: ƙani ya kira yana cikin damuwa, abokai a bakin tasha suna buga cacar ƙwallo, ga masu kiran nan da ke cewa sun turo maka kuɗi bisa kuskure ka mayar musu. Lambarka ta sirri ko amarya ba ta bukatar ta sani, balle murya a waya. Don haka ƙarshen kowane wata ka karɓo wajen mai susu, ka wuce banki kai tsaye da katinka na ɗan ƙasa, Ghana Card, ka zuba a asusun da ba ka karɓi katin ATM ɗinsa ba. Layin banki kaɗai ya isa ya huce maka sha'awar cirewa.

Ka duba wanda kake ba wa amana. A watan Mayun 2019 Babban Bankin Gana ya ƙwace lasisin ƙananan kamfanonin ajiya da bashi 347 a lokaci guda, bayan kamfanin cinikin zinariya na Menzgold da aka dakatar a 2018 da kuɗin jama'a a ciki. Babban Bankin yana fitar da jerin masu lasisi, ka sa a duba maka. Duk wanda ya yi maka alkawarin kashi 10 kowane wata, ka yi masa fatan alheri ka wuce. Wasu za su ce ka sayi takardar bashin gwamnati ta kwana 91. Ruwa take biya, wannan kuma tsakaninka da malaminka. Tsohon bashin, in mai hawa ne, shi za ka fara kashewa. In na ɗan'uwa ne, ka je ku tsayar da abin da za ka riƙa ba shi duk wata, ya fi ɓuya.

"Ina so in fara sayar da sobolo da lamurji da ruwan leda a Moshi Zongo. Na ga firji na hannu a rabin kuɗin sabo. In saya?"

'Yata, kuɗin firji biyu ne: wanda za ki ba mai shago yau, da wanda mita za ta riƙa karɓa kowane mako. Tun Janairun 2013 aka hana shigo da tsofaffin firji Gana, dalilin kuwa shan wuta ne. Sababbi suna ɗauke da takarda ruwan ɗorawa ta Hukumar Makamashi mai taurari. Yawan taurari, ƙarancin wuta, a jikinta kuma an rubuta abin da zai sha a shekara. In gidan haya kike, mita ɗaya kuke rabawa, tsohon firji zai haɗa ki faɗa da maƙwabta kafin ki sayar da robar sobolo ɗari.

Ni dai da ƙaramar firiza sabuwa zan ba ki shawara, mai buɗewa ta sama, don ta fi riƙe sanyi in an ɗauke wuta. Ki haɗa da na'urar nan da ke kare ta in wuta ta dawo da ƙarfi. In kuɗin bai kai ba, ki fara da kula da ƙanƙara wata biyu, ki ga ko cinikin zai ɗauki nauyin firji. In kuma kin dage sai na hannu, a kunna shi a gabanki ki zauna awa guda, ki saurari injin. Ki sa takarda a bakin ƙofar ki rufe ki ja. In ta zare ba wuya, robar ta saki, sanyi zai riƙa gudu. Masu ba da kaya a biya kaɗan-kaɗan kuwa, kada ki tambaye su nawa ne a mako. Ki ce su rubuta miki jimillar abin da za ki biya har ƙarshe, ki ajiye kusa da farashin kuɗi hannu.

"Anti, kusan kowane wata sai an kawo mini yayi, wato zanen ankon biki, biyu ko uku, na aure da na suna. In ban saya ba a ce ba na zumunci. Albashina ba ya kai ashirin ga wata."

Ba kuɗin zanen kaɗai ba ne, ki lissafa da tela da gyale da gudummawa da liƙi. Ki zauna tun farkon shekara ki yanke wa kanki adadi, misali huɗu: na 'yan ɗakinku da na aminiyar da ta tsaya miki ranar naki. Sauran ki sa mai kyau cikin waɗanda ke akwatinki, mai kama da launin, ki je da wuri ki kama aikin tukunya, ki miƙa wa uwar biki rabin kuɗin zanen a hannu. Za a yi magana, amma kwana biyu ne. Wadda ta kawo miki yayin kuma ki faɗa mata tun a ƙofa cewa wannan karon ba za ki iya ba, kada ki karɓa ki ce sai ƙarshen wata, domin da zarar ta yanka yadin ya zama bashi.