Amsa ga mai shirin zuwa Royal Albert Hall a Landan

Salamu alaikum ɗan'uwa. Ka tambaya ko zagayen rana za ka shiga a Royal Albert Hall, babban zauren kiɗa da waƙa, ko tikitin wasan dare za ka saya. Idan ginin da gyaran da aka yi masa ne suka ja ka, fara da zagayen. Yakan ɗauki kusan awa guda da ɗan jagora, kuma ta ƙofa ta 12 ake shiga, a ɓangaren kudu. Shirayin wannan ƙofar ma sabo ne, an gina shi a babban gyaran 1996 zuwa 2004, amma sai an faɗa maka za ka gane ba na 1871 ba ne, shekarar da Sarauniya Victoria ta buɗe zauren.

Ka sauka a tashar jirgin ƙasa ta South Kensington, ka ware wa kanka minti 15 na tafiyar ƙafa. Sayi tikiti a intanet tun da wuri, domin ranar da ake haɗa dandamali ko gwajin waƙa akan taƙaita inda za a kai ku, wani lokaci a hana ɗaukar hoto. Kada ka je da babbar jaka, ana bincike a ƙofa.

Da ka shiga, ɗaga kai. Za ka ga manyan faya-fayen faiba suna reto a ƙarƙashin ƙubbar. Ba ado ba ne. Ƙubbar ƙarfe da gilashi ce, ga zauren kewayayye, sai sauti ya riƙa bugun sama yana dawowa a makare, mai sauraro ya ji abu sau biyu. Kusan shekara ɗari ana fama da wannan amsa-kuwwa kafin a rataya faya-fayen a 1969 don rage ta. A ganina nan ne abin kallon ya fi armashi. Sai kuma ogan, wato katafaren abin kiɗa mai bututu 9,999, da kamfanin Mander ya kwance ya gyara daga 2002 zuwa 2004.

In da hali ka haɗa da wasan, zo tsakanin Yuli da Satumba, lokacin BBC Proms, jerin wasannin kiɗa da ake yi duk shekara, ana sayar da tikitin tsayuwa mai rahusa a ranar wasan. Kula da kujerun can sama ta gefe, hawa ne mai tsayi kuma wasunsu ba sa ganin dandamali duka, duba gargaɗin da aka rubuta game da kujerar a shafin sayen tikiti kafin ka biya. Na bayan dandamali kuwa, bayan masu kiɗa za ka gani, amma fuskar madugunsu tana gabanka.