Me ya sa na'urar auna ruwan magani ke rikicewa da damina?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina aiki a ɗakin gwajin ingancin magunguna na wani kamfani a Kano, muna auna ruwan da ke cikin garin amoksisilin da na'urar Karl Fischer. Tun da damina ta kankama, na'urar kan daɗe ba ta daidaita ba, kuma sakamakon farko ba ya haɗuwa da na biyu. Shugabanmu ya ce a kira injiniya. Shin lalacewa ta yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Ku dakata da kiran injiniya tukuna, don da wuya a ce na'urar ce ta lalace. Abin da kika bayyana ya fi kama da iska mai laima da ke kutsawa cikin kwalbar gwaji.

Hanyar da Bajamushe Karl Fischer ya wallafa a 1935 ta dogara ne a kan abu guda: ƙwayar aidin ɗaya tana cinye ƙwayar ruwa ɗaya, a cikin metanol da salfa dayoksaid da wani sinadari mai daidaita tsami, wanda a yau galibi imidazol ne. Na'urar ba ta san ruwan maganinki daban, na iska daban ba. Duk ruwan da ya faɗa kwalbar sai ta ƙirga shi. Da hunturu iskar Kano a bushe take ƙarau, ko da roba ta ɗan saki ba za a gane ba. Watan Agusta kuwa shi ke tona asirin kowace kafa.

Fara da lambar da na'urar ke nunawa kafin a zuba magani, wato dirif, adadin ruwan gwajin (sinadarin mai ɗauke da aidin) da take sha a minti ɗaya don kwalbar ta zauna a bushe. A na'urori da yawa ba a fara gwaji sai ya sauka ƙasa da maikirolita 20 a minti kuma ya tsaya cak. Idan ya ƙi sauka, duba bututun busarwa da ke saman kwalbar da na kan robar sinadari. Tsakuwar shan danshin da ke ciki tana ƙoshi, kuma ba ta canza launi ta sanar da ke. Wadda ke kai mako shida da rani, da damina ba za ta kai ba. A sa ta a tanda mai zafin digiri 300 ta kwana, ta huce a mazubi rufaffe, ko a sa sabuwa, a rubuta kwanan wata a jikin bututun. Sai robar da ake soka wa allura: ɗago ta a haske, in kin ga ta zama rariya, canza ta. Zoben robar murfi ma haka.

Inda na fi so ki tsaya shi ne ƙarfin ruwan gwajin. An rubuta a jikin kwalbarsa cewa kowace mililita tana cinye ruwa miligiram 5, amma daga ranar da aka buɗe ta ƙarfin ke raguwa. Ga lissafi: miligiram 100 na amoksisilin mai ƙwayar ruwa uku na ɗauke da ruwa kusan miligiram 12.9. Idan ƙarfin ya koma 4.8 ke kuma kina lissafi da 5.0, sakamakonki zai fito 13.4 cikin ɗari. Iyakar da kundin magunguna na Amurka, USP, ya gindaya wa wannan magani ita ce 11.5 zuwa 14.5, to kin ga garin da ke kusa da iyaka za a iya yi masa hukuncin da bai cancanta ba. Saboda haka a auna ƙarfin kowace safiya, sau uku, da ruwan ma'auni (wanda aka san ainihin adadin ruwan da ke cikinsa) mai takardar shaida ko da gishirin sodiyam tatret mai ruwa 15.66 cikin ɗari. Wannan gishiri ba ya narkewa da sauri a metanol, a ba shi lokaci har sai ba a ganin ƙwayarsa ko ɗaya. In ruwan ma'auni ne, a auna sirinji a sikeli kafin a tsiyaya da bayan an tsiyaya, kada a dogara da zanen jikinsa.

Ki leƙa bututun da ke kai sinadari ko akwai kumfar iska, domin na'urar za ta ƙirga ta a matsayin sinadari. Ki kuma duba alluran filatinum biyu na ilektirod, wato sandar da ke gano lokacin da ruwan kwalbar ya ƙare, su kasance a miƙe, daura da juna, suna ƙyalli. In sun dushe a goge su a hankali, a ɗauraye da etanol.

Hannun mai gwaji ma na da nasa kaso. A auna gari, a buɗe murfi, a zuba, a rufe cikin 'yan daƙiƙu, kada a bar shi a buɗe ana neman biro.

Abin da nake roƙonki, kada a yi ta maimaita gwaji har sai an sami lambar da ake so sannan a watsar da sauran. Kowane sakamako a rubuta shi, wanda ya fita iyaka a bincike shi a rubuce, domin irin takardun da jami'an NAFDAC ke nema ke nan, kuma wani maras lafiya ne zai sha wannan magani. Idan an sabunta tsakuwa da robobi, an zuba sabon metanol, dirif ya sauka, amma awon ruwan ma'auni har yanzu yana watsewa, to a kira injiniya ya duba silindar da ke tura sinadarin, wataƙila fistin ɗinta ya fara yoyo.