Sa roba a maɗaciya: ya wadatar ko sai an yi tiyata?

'Yar'uwa, kin ce maɗaciyar Hajiya ta kumbura, likita ya zaɓi sa roba maimakon tiyata. Allah ya ba ta lafiya. Ana yi wa wanda jikinsa ba zai ɗauki allurar barci ba, kamar dattijo mai ciwon zuciya. Da taimakon sikanin ake zura siririn bututun roba ta gefen dama, ƙasan haƙarƙari, zuwa cikin maɗaciyar, ruwan da ya taru ya riƙa sauka cikin jaka, ana haɗawa da maganin ƙwayoyin cuta. Zazzaɓi yakan sauka cikin kwanaki.

Amma in akwai tsakuwa a cikin maɗaciyar, tana nan, ciwon na iya dawowa. Bututun yakan yi mako 4 zuwa 6, sannan a duba yiwuwar cire maɗaciyar. In bututun ya zame, ko idonta ya yi rawaya, ku garzaya asibitin Malam Aminu Kano ko Murtala, ko da tsakar dare ne.