Amsoshin Wasiƙunku: Yawan Kaye a Ƙwallon Amurka da Kuɗin Aljihunku

Wasiƙun wannan makon sun taru a kan ƙwallon Amurka, gasar NFL, kuma kusan dukkansu a kan mutum guda suke: ƙaton nan na baya da aikinsa shi ne ya keta katangar masu gadi ya cafko kwatabak, wato mai jefa ƙwallo, tun ƙwallon bai bar hannunsa ba. In ya kai shi ƙasa a bayan layin da aka tashi wasa, Amurkawa na kiran abin "sak". Ni kaye zan riƙa ce masa, irin na kokawa, shi kuma mai yin aikin in kira shi mafarauci. In mutum biyu suka haɗu suka kayar, kowa rabi ake rubuta masa, shi ya sa za ku riƙa ganin 22.5 ko 15.5.

*Malam, ni da abokina mun yi gardama har mun daina gaisawa. Shi ya ce Bruce Smith ne gwanin mafarauta, ni na ce Reggie White. Ka raba mana. Daga wani matashi a Kaduna.*

Smith ya yi kaye 200 a kaka 19, White ya yi 198 a kaka 15. Ka raba da kanka, za ka ga White ya fi shi saurin tarawa, Smith ya fi shi daɗewa. Sannan hukumar gasar ba ta fara rubuta kaye a littafinta ba sai 1982, don haka Deacon Jones, wanda ake danganta kalmar "sak" da shi, duk ɓarnar da ya yi a shekarun 1960 ba ta cikin wannan lissafi. Amma a kan wannan za ka ƙaurace wa ɗan'uwanka? Tashi ka je ka gaishe shi yau, kada rana ta faɗi.

*Ranka ya daɗe, ina karatu a Houston. Wani ya yi mini tayin katin hoton wani mafarauci mai sa hannunsa, ya ce yaron ya wuce kaye 15 bara, nan da shekara biyu kuɗin katin zai ninka. Kuɗin da zan biya na hayar ɗakina ne na wata ɗaya. In saya?*

Ƙanena, kada ka saya. Zauna in gaya maka dalili, domin wannan magana ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya.

A 2016 Vic Beasley na Atlanta Falcons ya yi kaye 15.5, ya fi kowa a gasar a wannan kaka, ƙungiyarsa ta je har wasan ƙarshe na Super Bowl. A lokacin kowa cewa yake an samu sabon sarki. Kakar da ta biyo baya ya yi 5. Wadda ta bi mata 5. A 2019 ya yi 8. A 2020 Tennessee Titans suka ɗauke shi a kan kwantiragin shekara ɗaya ta dala miliyan 9.5, bai kayar da kowa ba ko sau ɗaya, suka sallame shi tun kakar ba ta ƙare ba. Waɗannan fa mutane ne masu ma'aikata na musamman da ba su da aiki sai kallon bidiyon 'yan wasa dare da rana, amma abin ya ci su. Kai da kuɗin hayarka fa?

Abin da mai tallan katin nan ba zai gaya maka ba shi ne ƙanƙantar adadin. Mafaraucin da ke buga wasa sosai yakan tasar wa kwatabak sau ɗari huɗu, ɗari biyar a kaka ɗaya. In ya yi kaye goma, to a cikin kowane yunƙuri hamsin sau ɗaya ke nan ya kai mutum ƙasa. Sauran arba'in da taran fa, me ya faru a cikinsu? Adadin kaye bai ce komai a kansu ba. Tsakanin mai kaye 8 da mai 13, yunƙuri biyar ne kacal cikin ɗaruruwa, kuma biyar ɗin nan santsin ƙafa ko jinkirin daƙiƙa ɗaya ya isa ya kawo su ko ya tafi da su. Ba wanda zai sayi buhun shinkafa don ya ga ƙwaya biyar masu kyau a bakin buhu. Bunburutu ake sokawa a ga abin da ke ciki.

Kuma kaye ba iri ɗaya ba ne. Akwai wanda mutum ya ci da guminsa: ya doke hannun mai gadi, ya sunkuya ya zagaye shi, ya isa kafin a ƙirga uku. Akwai wanda masu tsaron baya ne suka rufe duk masu karɓar ƙwallo, kwatabak ya rasa wanda zai jefa wa, ya tsaya yana dube-dube har aka cim masa. Akwai wanda masu gadi suka yi kuskuren rabon aiki suka bar mutum ya wuce ba wanda ya taɓa shi. Akwai kuma wanda wani ne ya fasa tsakiya ya koro kwatabak, shi kuwa ya faɗo hannun wanda ke tsaye a gefe. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A littafi duka huɗun ɗaya ake rubutawa.

Dubi Bud Dupree. A Pittsburgh yana gefe ɗaya, T.J. Watt yana ɗaya gefen, hankalin masu gadi duk yana kan Watt. Dupree ya yi 11.5 a 2019, ya yi 8 a 2020 kafin ya ji rauni a gwiwa. Titans ɗin dai suka sake zura hannu a aljihu, shekara biyar a kan dala miliyan 82.5. A kaka biyu ya ba su kaye 7, suka rabu da shi. Rauni ya taka rawa, ba na musu, amma duk wanda ya sayi adadin mutum bai tambayi wa ke tsaye kusa da shi ba, ya sayi kifi a ruwa.

Har ɗan namu Osi Umenyiora, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne kuma nake ganin girmansa ƙwarai, misali ne a nan. A 2007 ya yi kaye 13 wa New York Giants, amma 6 daga ciki a dare ɗaya ya yi su, a watan Satumba, ranar da Philadelphia suka sa masa wani matashin mai gadi da bai goge ba. Gwani ne na gaske, Giants sun ɗauki kofi a wannan kaka da taimakonsa. Sai dai wanda ya ga 13 kawai zai zaci kowane mako yana kawo ɗaya, alhali kusan rabi na dare guda ne.

Yanzu juya abin. A Fabrairun 2022, wasan ƙarshe tsakanin Los Angeles Rams da Cincinnati Bengals, Rams na gaba da 23 da 20, saura ƙasa da minti ɗaya, Bengals na da dama ɗaya tak kuma yadi ɗaya suke nema. Aaron Donald na Rams ya fasa katanga, ya cafki Joe Burrow, kwatabak ɗin Bengals, ya juya shi kamar gardin kokawa, Burrow ya wurga ƙwallon a ruɗe yana faɗuwa, ƙwallon ya dira ƙasa, wasa ya ƙare. Da yake ƙwallon ya bar hannun Burrow kafin ya kai ƙasa, ba a rubuta wa Donald kaye a wannan ba. Yunƙurin da ya kawo kofi ke nan, kuma babu shi a irin adadin da ake son sayar maka da kati a kansa. Shi kuwa Derrick Thomas na Kansas City, a Nuwamban 1990 ya kayar da Dave Krieg na Seattle sau bakwai a wasa ɗaya. A yunƙurin ƙarshe Krieg ya suɓuce daga hannunsa ya jefa ƙwallon da ya ci wasa, Seattle ta yi nasara 17 da 16.

In kana son sanin mafarauci na ƙwarai, ka nemi sau nawa yake takura wa kwatabak: ya sa shi jifa a gaggauce, ya buge shi yana jifa, ya kore shi daga inda yake son tsayawa. Kamfanin ƙididdigar wasanni na PFF na ƙirga wannan, tashar wasanni ta ESPN kuma na auna sau nawa mutum ke wuce mai gadinsa cikin daƙiƙa biyu da rabi. Wannan ya fi tsayawa daga kaka zuwa kaka, domin abu ne da ke faruwa sau da yawa. Ka kuma lura ko mutum biyu ake sa masa. Brandon Graham ya shekara goma sha biyu a Philadelphia bai taɓa kai kaye goma a kaka ɗaya ba sai a 2022, amma ba su sake shi ba, don sun san abin da yake yi. Shi ne ya fizge ƙwallo daga hannun kwatabak Tom Brady a Fabrairun 2018, abin da ya share musu hanyar ɗaukar kofinsu na Super Bowl na farko.

Duk wannan ma in katin na gaske ne. Sa hannun jabu ya yi yawa a wannan kasuwa, kai kuma ba ka da idon gane shi. Iyayenka sun sha wahala kafin su kai ka can. Ka biya hayarka.

*Malam, akwai manhajar da ake sa kuɗi a kan ko wane zai yi kaye a wasan yau. Wane ɗan wasa ne ba ya saɓawa?*

Wannan caca ce, ka kuma san caca ce, shi ya sa ka ce "sa kuɗi". Ba zan zaɓar maka kowa ba. T.J. Watt ma a 2021, kakar da ya yi 22.5 ya kamo adadin Michael Strahan na 2001, akwai wasannin da ya tashi hannu wofi. Goge manhajar daga wayarka.

*Wai gaskiya ne kwatabak ma yana da laifi in ana yawan kayar da shi? A gasar zaɓen 'yan wasa da muke yi a ofis, ba ta kuɗi ba, ina so in san yadda zan zaɓa.*

Gaskiya ne ƙwarai. Akwai mai sakin ƙwallo da wuri, akwai mai riƙe shi yana neman abin mamaki. David Carr ya sha kaye 76 a 2002, shekararsa ta farko, a bayan katangar sabuwar ƙungiya a Houston. Da yake a irin gasarku kaye ne ke ba da maki, ki duba wa mafaraucinki zai fuskanta a makon, sannan ki fifita mai yawan takurawa da adadinsa bai taso ba tukuna a kan wanda adadinsa ya zarce aikinsa.

*Assalamu alaikum. Ɗana ya gama jarrabawar sakandare, na yi masa alkawarin rigar T.J. Watt. Wani a WhatsApp ya ce yana da ta asali, in tura kuɗi ya aiko. Ni ban san komai a harkar nan ba, tsoro nake kada a cuce ni, kada kuma in ba yaron kunya. Daga wata uwa a Zariya.*

Wa'alaikumus salam, Hajiya. Allah ya yi wa yaron albarka, ya ba ki ladan tarbiyya. Kwantar da hankalinki, tsoron nan naki shi ne daidai, kuma da kika tambaya kafin ki tura kuɗi kin riga kin tsira.

Sabuwar riga ta asali ta haura dala ɗari a can Amurka, ban da kuɗin kawowa. Ki buga wannan a canjin yau. Duk wanda ya ce zai ba ki sabuwa dal ta asali a kan kuɗin da bai kai na shadda mai kyau ba, kwaikwayo ce yake sayarwa. Sayen kwaikwayo ba abin kunya ba ne in mai kaya ya faɗi gaskiya kuma aka biya kuɗin kwaikwayo. Abin da ba na so shi ne a karɓi kuɗin asali a hannunki a ba ki jabu. Kada ki tura ko kwabo sai kaya sun zo hannu.

In an kawo, ga abin dubawa. Rigar Watt baƙa ce mai ratsin ruwan ɗorawa a hannu, ko fara, lamba 90, ta Pittsburgh Steelers. Kamfanin Nike ne ke ɗinka rigunan gasar tun 2012, Watt kuwa ya shigo a 2017, don haka in kin ga tambarin Reebok a rigarsa, mayar wa mai ita. Ki juya ta ciki. Ta jabu za ki ga zare yana ratayawa, wani lokaci zare ɗaya ya bi daga wannan harafi zuwa wancan, lambar tana ƙyalli tana tasowa kamar an cusa takarda a ƙarƙashinta, ƙaramin tambarin gasar da ke wuya kuma a karkace. Mafi arhar rigunan Nike na asali ma lambarsu bugawa ake yi, ba ɗinki ba, saboda haka kada "ai ɗinkakkiya ce" ya ruɗe ki.

Shawarata ita ce ki ba yayansa ko kawunsa kuɗi kaɗan su zaga wajen 'yan gwanjo tare da shi. Rigunan ƙwallon Amurka na fitowa a dila, kuma sau da yawa tsohuwar da ke can ta fi sabuwar WhatsApp zama ta gaske. Ba lallai a samu ta Watt ba, don haka ki tambayi yaron tun a gida ko zai karɓi ta wani. Ki kuma faɗa masa 'yan wasa na sauya sheƙa: waɗanda suka sayi rigar Micah Parsons ta Dallas mai lamba 11 sun wayi gari a Agustan 2025 ya koma Green Bay yana sanye da lamba 1. In an samo, a wanke ta da hannu da ruwan sanyi, a shanya a inuwa, kuma kada dutsen guga ya taɓa lambar.