'Yata ta rage magana sai zane, ko dai akwai matsala ne?

Tambaya: Salamu alaikum likita. 'Yata ce shekararta 13, tun bara ba ta da aiki sai zane, duk bayan littattafan makarantarta ta cike su, kuma kullum wata yarinya take zanawa ita kaɗai a gefe da baƙin biro, wani lokacin ma fuskar ba baki. Kakarta ta ce a kai ta ruƙiyya, babanta kuma ya ce a ƙona takardun ta koma karatu. Ni dai na rasa yadda zan yi. Daga wata uwa a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Da farko dai don Allah kar a ƙona takardun nan, in aka ƙona ba daina zanen za ta yi ba, ɓoyewa kawai za ta koma yi, ke kuma kin rasa 'yar tagar da kike leƙa cikinta.

Shekarunta ma abin lura ne. Wani malamin koyar da zane mai suna Viktor Lowenfeld ya fitar da littafi a Amurka a 1947 inda ya jera matakan zanen yara: ɗan shekara 2 zuwa 4 jagwalgwalo yake yi, daga 4 zuwa 7 sai ki ga ƙaton kai da ƙafafu biyu sun fito daga kan ya ce ai Umma ce, daga wajen shekara 9 kuma yaro zai fara gane cewa hannunsa ba ya kawo abin da idonsa ke gani, ya ji kunya, shi ya sa da yawa suke ajiye fensir a nan. To wadda ta haura wannan gaɓar har 13 tana yi kullum, ko dai baiwa ce ko akwai abin da bakinta ya yi wa nauyi, sau da yawa ma duka biyun ne.

Amma fa ni ba zan kalli zane in ce miki ga fassararsa ba, wannan aikin 'yan duba ne. Baƙin biron wataƙila shi kaɗai ne a jakarta. Baki da hannu kuma suna da wuyar zanawa, yara da yawa tsallake su suke yi. An taɓa kawo min yaro ɗan shekara 8 ya zana gidansu kowa ƙato, baban kuma ɗan mitsitsi can ƙarshen takarda, uwar hankalinta ya tashi wai ya tsani ubansa, da na tambaye shi sai ya ce "ai Abba yana Legas ne, da nisa". Kewa ce kawai.

Ba kuma ina nufin zane ba ya ɗauke da magana ba. A 2005 wasu ma'aikatan ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch sun raba wa yaran Darfur takarda da kala a sansanonin gudun hijira na gabashin Chadi don su samu abin yi ana hira da iyayensu, ba wanda ya ce su zana yaƙi, sai ga jiragen sama da mahaya dawakai da bukkoki suna ci da wuta. Yaro na iya zuba wa takarda abin da ba zai iya faɗa wa babba ido cikin ido ba, balle mu da muka tarbiyyantar da su a kan kunya da kawaici.

Ki samu lokacin da kuke ku biyu, misali kuna tsintar shinkafa, ba a gaban ƙannenta ba, ki ce "ba ni labarin yarinyar nan mana, me ya same ta?" Ki tambaya game da yarinyar cikin zanen, kar ki ce "ke ce wannan ko?", ta haka za ta fi sakin jiki. In ta ce ba komai ki ƙyale ta, wata rana kya sake. Kar ki riƙa bincike jakarta a ɓoye, kar kuma ki ɗora zanen a status na WhatsApp ba ta sani ba.

Abin da zai sa in ce a tashi tsaye ba ya cikin takarda shi kaɗai: in barcinta ko cin abincinta ya canza, ta bar ƙawayenta, karatu ya zube lokaci guda, ta tsiri tsoron wani mutum ko wani gida, har sati biyu ko fiye, ko ta fara zana kanta a mace, ko tsiraicin da ya fi ƙarfin shekarunta, ko kika ga alamar yanka a hannunta. Nan kam a ga likitan ƙwaƙwalwa, ga asibitin koyarwa na Shika kusa da ku, ga asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna. Kaka ta yi ta addu'arta, ba ta hana zuwa asibiti.

Shi kuma Alhaji a lallaɓa shi a yi ciniki, a saya mata littafin zane nata daban da fensir mai kala, sharaɗin sai an gama aikin gida, littafin lissafi ya huta. In zanen mai rai ne ke damunsa ya tambayi malaminsa, ga zayyana irin ta allon sauka da ta bangon ƙofar fadar Zazzau, ga zanen lalle da na hula. Ki kuma tuna masa a garin nan naku ne su Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya suka kafa ƙungiyarsu ta masu zane a 1958 suna ɗalibai, a kwalejin da ta zama ABU a 1962, har yau kuma sashen zanen yana nan a Samaru.