Da gaske ana naɗe zuciya da naman baya?

Tambaya: Likita, zuciyar mahaifina ta yi rauni. Ƙafafunsa sun kumbura, ko masallacin unguwarmu a nan Garwa ba ya kaiwa sai ya tsaya ya huta. Wani ɗan'uwanmu da ya zauna a Faransa ya ce akwai tiyatar da ake naɗe zuciya da naman baya. Mu sayar da shanu mu kai shi?

Amsa: Allah ya ba Baba lafiya. Ɗan'uwanku bai yi ƙarya ba, sai dai labarin nasa ya kwana biyu. Ku bar shanunku tukuna.

A 1985 likitocin tiyata Alain Carpentier da Juan Carlos Chachques suka fara wannan aiki a asibitin Broussais da ke Paris. Akwai wata faffaɗar tsoka a bayan mutum, daga ƙugu zuwa hammata. Ita ake ɗayewa ba tare da an yanke jijiyoyinta ba, a shigar da ita cikin ƙirji, a naɗe zuciya da ita kamar majanyi. Sai a dasa ƙaramar na'ura mai batir da ke zaburar da tsokar ta matsa daidai lokacin bugun zuciya. Amma tsokar baya ta saba aiki da hutu, zuciya kuwa ba ta san hutu ba; dole a yi makonni ana horar da ita da lantarki kafin ta iya jurewa. Dabara ce mai burgewa, ni kaina ina jinjina mata.

Marasa lafiya da dama sun ji sauƙin numfashi, amma ƙarfin bugun bai ƙaru sosai ba, tsokar kuma takan lalace a hankali. Waɗanda ciwonsu ya yi nisa, su ne suka fi rasuwa bayan tiyatar. Babban gwajin da aka soma a Amurka ya tsaya saboda ƙarancin masu shiga, kamfanin Medtronic ya daina ƙera na'urar. Yau ko a Faransa ba a cika yin ta ba.

Abin da Baba ke buƙata shi ne hoton eko na zuciya, wato sikanin da ke nuna yadda take aiki, a gano musabbabin. A yankinmu hawan jini ne kan gaba. Lasilix, maganin da ke fitar da ruwa ta fitsari, zai sauke kumburin, magunguna irin su enalapril, carvedilol da spironolactone kuma suna tsawaita rai idan ba a yi musu fashi ba. A rage gishiri, magi da kanwa a girkinsa. Idan eko ya nuna ƙofofin zuciya ne suka lalace, ana gyara su da tiyata, likitansa ne zai ba ku takardar zuwa inda ake yi.