Sunan BioWare yana nan, mutanen ne suka watse

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa mai tambaya, ka ce ka gama Mass Effect guda ukun nan da aka haɗa a Legendary Edition, sun shiga ranka, sai ka wuce Mass Effect: Andromeda da Dragon Age: The Veilguard ka ji kamar wasu mutane daban ne suka yi su, shi ne kake son sanin ko da gaske EA, wato babban kamfanin gem na Electronic Arts, ita ce ta kashe BioWare, kamfanin da ya yi waɗannan gem ɗin. Na ga wasu sun ba ka amsa da "eh" kawai sun wuce. Ni zan ɗan ja zancen, ka yi haƙuri da ni, don na fi shekara ashirin ina bin kamfanin nan.

Farkon abin da zan ce maka: jin da ka yi daidai ne. Mutane daban ne suka yi su, ba wai kamar ba.

Ni da Knights of the Old Republic na fara, wanda ya fito a 2003, a wata tsohuwar kwamfutar yayana da in ta yi zafi sai mun juya mata fanka. A lokacin gem a wurinmu ƙwallo ce da dambe da tseren mota. Ban taɓa sanin akwai wanda za ka zauna kana hira da abokan tafiyarka, ka faɗi magana ta dawo maka bayan awa goma ba. Daga baya na koma baya na nemo Baldur's Gate na 1998 da na biyunsa na 2000. Likitoci uku ne suka kafa kamfanin a 1995 a Edmonton ta Kanada: Ray Muzyka da Greg Zeschuk da Augustine Yip. Yip ya koma aikin asibiti da wuri, biyun suka ci gaba. Abin da suka iya shi ne labari da mutanen cikin labari. Faɗansu ma ba wani na a zo a gani ba ne, amma sai ka ga ƙato yana jimamin mutuwar wani halitta mai kama da ƙadangare da bai taɓa wanzuwa ba. Wanda ya kai duniyar Tuchanka a Mass Effect 3 ya san wa nake nufi.

A 2005 wani kamfanin zuba jari, Elevation Partners, ya haɗa BioWare da wani kamfanin gem mai suna Pandemic a inuwa ɗaya. Cikin manyansa akwai John Riccitiello. A 2007 Riccitiello ya koma EA ya zama shugaba, a watan Oktoba na shekarar kuma EA ta sanar da sayen kamfanonin biyu a kan kuɗi da ya kai dala miliyan 860. Tun ranar tsofaffin 'yan gem suka fara salati, don sun san tarihin gidan: kamfanonin gem na Origin, Bullfrog, Westwood, duk EA ta saya, duk ta rufe. Pandemic ma ba ta cika shekara biyu a hannunta ba aka rufe ta a ƙarshen 2009.

Amma a nan ne masu cewa "EA ta kashe su" suke tsallake wani abu. Dragon Age: Origins ya fito a 2009, Mass Effect 2 a farkon 2010, duka a ƙarƙashin EA. Mass Effect 2 kuwa har gobe ni a wurina ba su yi kamarsa ba. Na tuna na yi wata guda ina yawo da fayil ɗin ajiyata na na farko a filash a aljihu, kamar laya, don kar in rasa zaɓin da na yi a duniyar Virmire, tunda na biyun yana ɗauko zaɓin da ka yi a na farko. Daren da na shiga aikin ƙarshe, janareta na ta tari, ni kuma ina ta addu'a kar ya mutu kafin in fitar da kowa da rai. Kuɗin EA ne ya yi wannan gem ɗin. Saboda haka ba ranar da aka sa hannu a takarda abin ya lalace ba.

Abin da ya faru ya fi kama da yaron shago da ya samu ubangida mai jari. Da farko kaya sun ƙaru, shago ya faɗaɗa. Sai dai ubangidan yana da wani shagon da ke kawo masa ninkin ba ninkin, kuma kullum da ma'aunin wancan yake auna wannan. Wancan shagon kowa a nan ya san shi, don shi muke bugawa a gidajen gem tun muna yara: FIFA. A 2009 aka shigo da Ultimate Team, inda mutum ke sayen kati bai san wane ɗan wasa zai fito masa ba. A shekarar kuɗi ta 2021 kaɗai, Ultimate Team na wasanninsu ya kawo wa EA dala biliyan 1.62. To ka sa kanka a kujerar mai hannun jari. Ga gem da ake sabunta shi duk shekara, mutane na zuba kuɗi kullum. Ga wani kuma da sai an yi shekara huɗu ko biyar ana gina shi, mutum ya saya sau ɗaya, ya gama, ya ajiye. Ba sai an ce wa BioWare "ku canza" da baki ba. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Alamar farko ita ce Dragon Age II a 2011. Ba a ba su ko shekara ɗaya da rabi cikakkiya ba. Shi ya sa za ka shiga kogo guda sau goma, an toshe ƙofa nan an buɗe can, a ce maka wani wuri ne daban. Abin takaicin, labarinsa da mutanensa suna da kyau, Varric, ɗaya daga abokan tafiyarka a gem ɗin, daga nan ya fito. Kamar miya ce mai daɗi da aka sauke ba ta nuna ba. A ƙarshen shekarar suka saki The Old Republic, wanda ake bugawa a intanet da kuɗin wata, daga reshensu na Austin. Bai cika shekara ba aka mayar da shi kyauta saboda mutane sun ragu. Sai rigimar ƙarshen Mass Effect 3 a 2012, wadda ta kai sai da suka ƙara masa bayani kyauta a watan Yuni. A Satumban 2012 likitocin nan biyu suka yi ritaya rana ɗaya. Ni daga nan nake ƙirga.

Yanzu bari in daɗe a kan maganar inji, don ita ce mutane ba su cika ganewa ba. Kowane gem a kan wani tushe ake gina shi, shi ake kira inji. Mass Effect ukun farko a kan Unreal aka yi su, wanda ma'aikata suka saba da shi. EA tana da nata injin, Frostbite, wanda DICE ta Suwidin ta ƙera don Battlefield, gem ɗin harbi. Injin ya iya fitar da hoto mai kyau da fashewar gini. Amma bai san jakar kaya ba, bai san hira mai rassa ba, bai san tawagar mutum huɗu ba, ko tsarin ajiya irin na gem ɗin labari bai da shi yadda suke buƙata. Kamar a ba tela keken ɗinkin takalmi ne a ce ya yi aikin babbar riga. Zai yi, amma sai ya fara ƙera rabin kayan aikin da hannunsa. A kan wannan wahalar suka yi Inquisition a 2014, kuma ya ci kyautar gem ɗin shekara.

Ni a ganina wannan nasarar ce ta cuce su. Ta tabbatar musu da wata al'ada da suke da ita a cikin gida, wadda suke kira sihirin BioWare: wai komai ruɗewar aiki, a watannin ƙarshe zai haɗu. Mu kuwa mun san ba a fafe gora ranar tafiya. Sihirin nan ba komai ba ne illa ma'aikata su kwana a ofis wata da watanni.

Andromeda reshen Montreal aka ba. Sun ɓata shekaru suna ƙoƙarin yin duniyoyi masu yawa da kwamfuta za ta riƙa ƙirƙira da kanta, abin bai yiwu ba, aka gina mafi yawan gem ɗin a kusan wata goma sha takwas na ƙarshe. Ya fito a Maris 2017, fuskokin mutanen ciki suka zama abin barkwanci a intanet, kafin ƙarshen shekarar an narkar da reshen cikin wani kamfanin EA mai suna Motive. Ka buga shi bayan an yi masa gyare-gyare, shi ya sa ba ka ga mafi munin ba. Faɗansa ma, in za a faɗi gaskiya, ya fi na ukun farko daɗi.

Anthem, gem ɗinsu na harbi da ake bugawa tare da jama'a a intanet, shi ne ya tona komai. An fara shi tun 2012, ya fito a Fabrairun 2019. Ni ban saye shi ba, don dole sai da intanet kowane lokaci, kai ma ka san halin da netiwok ɗinmu yake. Amma na karanta binciken da ɗan jarida Jason Schreier ya wallafa a Kotaku a Afrilun shekarar, bayan ya yi magana da mutum 19 da suka san aikin. Abin da ya fito ya ba ni mamaki: BioWare ce da kanta ta zaɓi yin irin wannan gem ɗin, shugabanninta kuma suka yi shekaru ba su yanke shawarar me yake ba. Ko tashi sama, wanda shi ne abu mafi daɗi a ciki, an sa an cire an sa, sai da wani babba a EA, Patrick Söderlund, ya ƙi samfurin farko sannan aka tsaya a kansa. Laifin EA a nan shi ne ƙwararrun Frostbite an fi karkata su wajen FIFA, wanda ya koma kan injin a 2016. Ma'aikata kuwa wasu sai da likita ya ba su hutun makonni saboda damuwa. In bango bai tsage ba ƙadangare ba ya samun wurin shiga. An yi alkawarin sake gina Anthem, aka fasa a 2021.

Duk wannan lokacin mutane na fita ɗaya bayan ɗaya. David Gaider, babban marubucin Dragon Age, ya tafi a 2016. Mike Laidlaw, daraktan Dragon Age, a 2017. James Ohlen, wanda yake nan tun Baldur's Gate, a 2018. Casey Hudson, uban Mass Effect, ya tafi a 2014, ya dawo a 2017, ya sake tafiya a Disamban 2020 tare da Mark Darrah, jagoran aikin Dragon Age. A Agustan 2023 aka sallami kusan mutum 50, ciki har da Mary Kirby da ta rubuta Varric. A watan nan dai kamfanin Larian na Beljiyam ya fitar da Baldur's Gate 3, ci gaban gem ɗin da ya ɗaga sunan BioWare, mai labari da hira da zaɓi, ba kati ba kuɗin wata, ya kwashe kyaututtukan shekarar. Wannan ya yi min ciwo fiye da Anthem, don ya nuna kasuwar tana nan, ba ita ce ta mutu ba.

Veilguard kuwa, abin da ka ji na rashin daidaito yana da dalili. An fara Dragon Age na huɗu a matsayin gem ɗin labari, aka soke shi a 2017 aka kwashi mutanen zuwa Anthem. Aka sake farawa a matsayin na intanet mai jama'a da yawa. A 2021, bayan Anthem ya faɗi, aka ce a mayar da shi na mutum ɗaya. Ka ga gini ne da aka canza masa zane sau biyu bayan an zuba harsashi. A nan hannun EA a bayyane yake, ba na kare ta. Ya fito ranar 31 ga Oktoba 2024. A Janairun 2025 EA ta ce mutum kusan miliyan 1.5 ne suka buga shi, kusan rabin abin da ta yi tsammani. A watan aka rarraba ma'aikata zuwa wasu kamfanonin EA, aka sallami wasu, har da Trick Weekes, babban marubucin gem ɗin. Rahotanni suka ce waɗanda suka rage ba su kai ɗari ba. Ni na gama Veilguard, kuma awannin ƙarshensa sun tuna min da Mass Effect 2. Akwai masu iyawa a cikin waɗanda suka yi shi. Sai dai hirar ta yi laushi, kowa na lallashin kowa, babu mai faɗa maka baƙar magana irin ta Morrigan a Origins.

Game da sabon Mass Effect da ka tambaya ko ka jira: tun Disamban 2020 aka nuna tallarsa, Mike Gamble ke jagoranta, kuma sun koma Unreal, wanda alama ce mai kyau. Amma a Satumban 2025 aka sanar da yarjejeniyar sayar da EA kanta a kan dala biliyan 55 ga asusun zuba jari na Saudiyya da Silver Lake da Affinity Partners, biliyan 20 daga ciki bashi ne. Mai bashi a wuya shagon da ke kawo kuɗi kullum yake riƙewa, ba mai kawowa sau ɗaya a shekara biyar ba. Ni dai ba zan biya kuɗinsa tun kafin ya fito ba.

In labari kake nema, koma baya ka ɗauki Dragon Age: Origins. Hotonsa ya tsufa, amma kusan kowace kwamfuta tana ɗaukarsa, kuma bai da nauyin data. Ka fara da dwaf, wato jinsin gajerun mutanen cikin gem ɗin, ɗan gidan sarauta, rikicin gadon sarautarsu zai yi maka kama da wanda ka sani. Ohlen da Drew Karpyshyn, babban marubucin Mass Effect na farko, sun koma wani kamfani, Archetype, suka fara gem mai suna Exodus, shi nake sa wa ido. Baldur's Gate 3 kuma ya haura gigabayit 100, sai ka nemi mai wayifai na dare, ka tafi da caja.